Shekaru Ukun da Aka Ce In Goge

Binta, yau da na idar da sallar asuba na koma na ɗan kishingiɗa, sai na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. Na yi tofi ta hagu sau uku kamar yadda aka koya mana, na juya kwanciya, amma na kasa tantance ko mummuna ne ko gargaɗi. Shi ya sa nake gaya miki, ke kaɗai. Ki yi haƙuri da tsawon saƙon. Kin san ni, abin da baki ya kasa sai na rubuta.

Bari in fara da abin da ya faru jiya, don ki gane. Kamfanin nan na matse man gyaɗa da na ce miki suna neman mai duba ingancin kaya, yau ƙarfe huɗu na yamma za su rufe karɓar takardu. Tun da muka gama digiri na biyu na nemi aiki a wuri goma, ba wanda ya kira ni ko don ya ga fuskata. Sai Umma ta ce in kai takarduna wajen Yaya Sadiya, 'yar wan babana, tunda ita aikinta ke nan a wani kamfani, tantance masu neman aiki.

Na miƙa mata sibi ɗina, takardar tarihin karatu da aikin nan da kika taya ni tsarawa, shafi tara. Ta ɗora shi a tafin hannu kamar mai auna nauyi.

"Farfesa ƙarama, wannan littafi ne ko neman aiki? Ni fa takarda in ta wuce shafi ɗaya, kofin shayina nake ɗorawa a kai."

Ta ɗauki jan biro ta fara soka. Tarukan ƙara wa juna sani, ta soke. Maƙalar da muka rubuta tare, ta soke. Da ta zo wasiƙar neman aikin ta ga inda na bayyana cewa hanyar shanya gyaɗar da na gwada, a ƙauye biyu kawai na gwada ta kuma a damina ɗaya, don haka ba zan ce tabbas za ta yi a ko'ina ba, sai ta yi dariya har ta ƙware.

"Wa ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, Rukayya? Wannan a jami'a ake yinsa, malamai su gyaɗa kai. Nan kasuwa ce."

Sannan ta ce digiri na biyun ma in cire shi gaba ɗaya. Wai suna ganinsa za su ce na fi ƙarfin kujerar, ko zan raina manaja, ko in yi wata shida in gudu koyarwa. Na ce, "To Yaya, shekara ukun da na yi ina karatun fa? Ai za su ga giɓi." Ta ce in rubuta ina kula da shagon Kawu Sule, ƙanin Umma. Na ce ban taɓa tsare shagon nan ko na yini guda ba. Ta ce, "Kawun ne zai ƙaryata ki?"

Ba mugunta take yi ba, wallahi so take in samu. Na dawo gida na zauna na yi yadda ta ce. Yanzu takarda biyu ce a kwamfutata, mai shafi tara da mai shafi ɗaya. Ga mafarkin.

Na gan ni ina tafiya a wata hanya mai jar ƙasa, da buhu a kaina. Na san takarduna ne a ciki, amma nauyinsa na buhun gyaɗa ne, har wuyana yana ƙara. Na isa bakin kamfanin. Katangar doguwa ce, babu iyakarta hagu da dama, ƙofar kuwa faɗinta bai wuce faɗin takarda ba. Mai gadin tsoho ne mai farin gemu, amma da ya buɗe baki muryar Yaya Sadiya ce ta fito.

"Shafi ɗaya."

Na ce masa baba, duk abin da ke cikin buhun nan gaskiya ne, na duba kowane layi sau uku. Bai ko dube ni ba. Ya sake cewa, "Shafi ɗaya."

Sai kawai na ga an shimfiɗa tabarmi a gindin katangar, mata sun zazzauna sun miƙe ƙafa, kowacce da faifai a cinya. Na gane su, matan ƙauyen da na yi bincike ne, waɗanda na koya wa yadda za su riƙa tsince gyaɗa mai fumfuna kafin su soya ƙuli-ƙuli. Suka kwance buhuna suka zazzage. Ba takardu ne suka zubo ba, gyaɗa ce, kuma na san kowace ƙwaya wani yini ne daga cikin shekara ukun nan. Ga ranar da babur ya kayar da ni da samfurori a hannu. Ga ranar da wuta ta ɗauke, firij ya huce, aikin wata biyu ya lalace, muka zauna a ƙasa ni da ke. Suna tsincewa da sauri, kansu a sunkuye. Sai na lura masu kyau suke jefarwa bayansu, kaji suna cinyewa, shanyayyu da baƙaƙe suke tarawa a faifai. Na ce, "Ba haka na nuna muku ba." Ba wadda ta ɗago.

Abin da ya rage cikin tafin hannu ɗaya aka zuba mini. Na juya gefe na kutsa ta ƙofar, kafaɗuna suna gogar bango.

Sai kawai ga ni a wani ɗaki mai sanyi, da dogon tebur da mutum uku a zaune. Fuskokinsu a shafe suke kamar allon da aka goge da dasta, sai agogunan hannunsu ake gani. Gyaɗar hannuna ta zama takarda ɗaya. Na ajiye. Ɗayansu ya kashe wutar ɗakin ya kunna fitilar nan tamu ta ɗakin gwaje-gwaje, wadda muke haska samfur da ita mu ga mai guba yana ƙyalli. Ya haska takardar. Sunana bai yi haske ba. Digirina na farko bai yi ba. Layin shagon Kawu Sule kaɗai ya kama ƙyalli, irin hasken nan da in muka gani muke sa safar hannu. Na ji kunya ta kama ni har tafin ƙafa, na jira su kore ni.

Na tsakiyan ya ce, "Madalla. Mai hasken nan muke nema." Suka tafa a hankali.

Sai kawai na tsinci kaina a shagon Kawu, a bayan kanta, kamar na shekara ina wurin. Na san inda sabulu yake, na san inda ashana take. A gefena ga kundin bincikena mai baƙin bango, an yage bangon, ina cire shafi ɗaya-ɗaya ina ƙunshe wa mutane ƙuli-ƙuli. Mai yana ratsa jadawalan da na sha wahalar jerawa, lambobin suna narkewa. Ban ji komai ba, har ina cewa a dawo lafiya.

Sai ga Inna Hajara ta shigo. Kin tuna ta, tsohuwar nan da ta buɗe mini rumbunta lokacin da duk ƙauyen suka ƙi, suna cewa gwamnati ce ta turo ni leƙen amfanin gona. Ita ta riƙa ba ni fura in na yini, ita ta sa sauran matan suka yarda da ni. Ta tsaya da sandarta tana kallona.

"Malama, ashe nan kike. Kin gano abin da ke ɓata mana gyaɗar? Kin ce in kin gano za ki dawo ki gaya mana."

Binta, amsar tana bakina. Na san ta, shafi nawa na rubuta a kanta. Amma da na buɗe baki sai na ji ina cewa, "Inna, ni ban taɓa zuwa garinku ba. Shekara uku ina shagon nan."

Ta daɗe tana dubana. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Haka ne, 'yar nan, yi haƙuri. Ido ne ya tsufa. Wata ce mai kama da ke." Ta karɓi ƙunshinta ta juya. Na ga shafin da na ƙunshe mata da shi, shafin godiya ne, inda na rubuta sunanta. Na yi ta kira, murya ba ta fita.

Sai kawai an ɗauke ni aikin. An sa mini farar riga da hula, an rataya mini kati a wuya. Na tsaya gaban wani babban inji, buhuna suna wucewa a kan bel suna faɗawa cikinsa. Daga nesa na hango wani buhu yana tahowa, yana ƙyalli tun daga ciki, ko fitila ba a kunna ba. Bayansa wani, bayansa wani. Na ɗaga hannu na ce a tsayar da injin, wannan gyaɗar ba ta ciyuwa, tunkuzarta ma kada a ba dabba. Manaja ya zo, shi ma fuskarsa a shafe. Ya zaro takardata daga aljihu, ya warware ta, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa.

"Ke a ina kika san wannan?"

Na ce na karanta, na gwada, shekara uku ina yi.

Ya ce, "Nan an rubuta shago kika tsare. Ga sa hannunki."

Na duba, sa hannuna ne. Na laluba aljihuna ko zan samu ko shafi ɗaya daga cikin taran, sai ɓawon gyaɗa nake ta fitarwa. Buhun ya wuce ta gabana ya faɗa cikin injin. Mai ya fara zuba a kwalabe, garai-garai, gwanin kyau. Suka miƙo mini hatimi suka ce in buga. Hannuna ya ɗaga da kansa.

A nan na farka, hannuna na dama a sama, Umma tana buga ƙofa tana cewa rana ta yi.

Ban gaya mata ba. Na san abin da za ta ce, in yi addu'a in bi maganar Yaya, tunda wuri goma na bi tawa ba wanda ya kira. Kuma gaskiyarta. Ni ma na gaji da zaman ɗaki, na gaji da maƙwabta suna tambayar Umma wai har yanzu karatun ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, an shekara ana koya mana kada mu rubuta abin da ba mu tabbatar ba, kada mu ɓoye inda aikinmu ya gaza, yau kuma an ce wannan tarbiyyar ce take hana ni cin abinci. Ashe abin da zan yi taƙama da shi ne zan ɓoye kamar abin kunya. Kuma har yau ban koma wajen Inna Hajara ba, wannan ba mafarki ba ne. Ina ta jira in samu aiki in je mata da goro a hannu.

Na buɗe kwamfutar tun ɗazu, takardun biyu suna gefe da gefe. Na karanta mai shafi ɗayan sau huɗu, babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Tsaf take. Ba ni ce a ciki ba kawai.

To Binta, ke da kika san shekarun nan tare da ni, mene ne fassarar wannan? Gargaɗi ake yi mini kada in tura, ko tsorona ne kawai ya bi ni har cikin barci? In kuwa gargaɗi ne, me ya sa ko a mafarkin ma sai da na yi ƙarya ƙofar ta bar ni na shiga? Ki tambayar mini kakarki in tana kusa, tunda ta iya fassarar mafarki, amma kada ki ce ni ce. Yanzu sha ɗaya saura. Ƙarfe huɗu suke rufewa. Wacce zan tura?