Direban da Ya Daina Dambe

Imas na zaune kusa da direban ƙaramar bas a cunkoson birnin Bandung, tana satar kallonsa. Ƙato ne mai karyayyen hanci, da gani ya sha dambe a tasha. Amma faifan da ya sa na kiɗan jita ne mai sanyi, mawaƙin kamar yanzu ya tashi daga barci.

"Direba, gidan makoki za ka kai mu?" in ji wata tsohuwa.

"Yi haƙuri, Inna. 'Yata ce ta zaɓa min. Wai ta gaji da kai min abinci wurin 'yan sanda."

Sai wani mai babur ya gogi madubin motar, ya waiwayo yana zagi. Jijiyar wuyan direban ta miƙe, Imas ta zuba masa ido. A hankali ya miƙa hannu, ya ƙara sautin waƙar.