Gwamen Motar Merv

Duk mai zuwa filin tseren motoci da ke bayan rumbunan alkama ya san Noelene Pascoe, ko da bai san fuskarta ba, don galibi bayanta ake gani, tana durƙushe gindin taya. Ranakun aiki direbar bas ɗin makaranta ce, tana bin gonaki tana kwaso 'ya'yan manoma. Ranar tsere kuwa ita ce mai tayoyin mijinta Merv. Shi ke riƙe da sitiyari, amma duk abin da ke taɓa kwalta nata ne.

A wurin ubanta ta koya, mai faci ne a bakin babbar hanya, kuma tun ba ta kai tsawon taya ba take karanta ma'aunin iska. Dokokinta ba su da yawa, sai dai ba a taka su. Iska ashirin da shida da safe taya na sanyi, don in ta ɗau zafi ta hau talatin da biyu. Gefen da rana ke duka a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, in ba haka ba awon ƙarya ne. Sai babbar dokar: ƙafafun gaba gwame suke tsayawa, saman taya ya karkato ciki digiri uku, gindin ya buɗe waje. A ido abin ba kyau. Amma in mota ta shiga kwana ta kwanta gefe, a lokacin ne tayar ke shimfiɗa fuskarta duka a ƙasa. Da 'yan siraran ƙarafa take samar da wannan karkata, tana cusa su ɗaya bayan ɗaya a bayan ƙarfen da ke riƙe ƙafar, kuma ta daɗe tana ragi da ƙari kafin ta samu daidai.

Bana likitan ido ya gaya wa Merv ba zai sake sa masa hannu a takardar tsere ba. Tseren ƙarshen shekara shi ne na sallama. Shi kuwa kofi bai dame shi ba. Burinsa guda ne, ya ga Des Kowalik a madubi. Des maƙwabcinsu ne, mai kiwon tumaki, shekara da shekaru yana gama tsere gaban Merv, sannan ya zo ya jingina da shinge yana tambayar ko an tsaya shan shayi ne a hanya.

Ranar Asabar ɗin tseren Noelene ta makara, ta kai 'yan makaranta gasar ninkaya da sassafe. Ta bar wa Merv aiki biyu tun ranar Laraba: ya kai a sa sababbin tayoyi, ya kuma sa musu ashirin da shida. Ko da ta iso an fara zagayen gwaji. Ta tsaya bakin shingen waya tana korar ƙuda, sai ga koriyar motarsu ta shigo kwanar farko. Tayoyin suka yi ƙara kamar an taka wutsiyar kare, hancin motar ya ƙi juyawa, ta tafi can gefe tana sharar tsakuwa.

Da Merv ya shigo rumfarsu ba ta ma ɗauko ma'auni ba. Ƙafafun gaba na tsaye cak, kamar sojoji a fareti.

"Mervyn."

In ta kira cikakken sunan, ya san babu lafiya. Ya cire hular kwano yana murmushin rashin gaskiya.

"Ashirin da shida na sa, Noel, ko rantsuwa zan yi."

"Wa ya taɓa min ƙafafu?"

"To, ai sabon mai shagon tayan nan ne. Mutumin kirki, ki gan shi. Ya ce duk ƙafafun sun karkace, za su cinye taya ta ciki, ya miƙe mana su. Kyauta fa."

"Kai kana ina?"

"Na tsallaka sayen abin kalaci. Na dawo na tarar ya gama, har ya wanke gilashi. Sai in ce masa me?"

"Sai ka ce masa motar tsere ce, ba motar kai kaka coci ba! Kwana uku kana kallonta a kan tirela bakinka ƙum?"

"Na ga kamar ta fi kyau haka."

Ta ɗora ma'aunin zafi a tayar hagu. Gefen waje ya fi na ciki da digiri ashirin, robar har ta fara nannaɗewa. A haka ba za ta kai zagaye biyar ba, tseren kuwa goma ne.

"Ina ƙarafana?"

"Ya zuba min su a leda, tsaf."

"Miƙo."

Merv ya sosa ƙeya. "Suna kan teburin kicin. Kusa da butar shayi."

Gida tafiyar awa ɗaya da rabi ce, tseren kuma bayan abincin rana. Noelene ba ta zauna kukan zuci ba. Ta ɗau kwanon awo ta shiga bin rumfuna tana roƙon washa, 'yan zobban ƙarfen nan, duk wadda kaurinta ya yi kusa da na ƙarafanta. Wannan ya ba ta biyu, wancan ya zazzage akwatin sifana ya samo ɗaya mai tsatsa, wani ma ya ƙara biyu. Ƙanshin albasa da nama na tashi daga wurin gashi, kowa da burodinsa a hannu, ita tana yawo da kwano. A ƙarshe dole ta tsaya gaban Des.

"A'a, hajiyar iska da kanta," in ji shi, bakinsa cike. "Na ga an yi wa tsohuwar taku gyaran ƙashi. Yanzu sai ta samu miji."

"Washa nake so, Des, ba wa'azi ba."

"In ba ki makamin da za a yanka ni da shi?" Ya zaro huɗu daga aljihun rigar aiki ya zuba mata. "Ungo. Ba na son ya ce da miƙaƙƙun ƙafafu na ci shi."

Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Tara. Kowace ƙafa takwas take buƙata. In ta raba biyu, duka ƙafafun ba su samu ba. Filin kwana bakwai ne, shida na dama, ɗaya na hagu, kuma a kwanar dama tayar hagu ke ɗaukar nauyi. Ta zuba wa hagu takwas, ta jefa ta taran a aljihu.

Karkata ƙafa kuma ba ya tafiya shi kaɗai, da ka taɓa shi bakin tayar ya gauce. Ta ja zaren fatsa daga gaba zuwa baya a kan gwangwanaye, ta kwanta a kan siminti mai zafi tana awo da rula, Merv na riƙe sitiyari.

"Kada ka motsa."

"Ban motsa ba."

"To daina numfashi."

Ta sauke motar daga jak ana kiran a fito layi. Ta rage wa tayar dama iska ɗaya, ko za ta ɗan jure, ta leƙa taga.

"Kwanar dama, shiga yadda ka ga dama. Doguwar ta hagu kuwa, lallaɓa ta kamar ƙwai. Ka ji ni?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

A zagaye na uku ya bi ta cikin Des a kwanar dama ya wuce. Noelene ta ji ihu, ashe bakinta ne. Na huɗu, na biyar, na shida, koriyar mota na gaba. Amma ita ba gaban take kallo ba, doguwar kwanar take kallo, tana jin kukan tayar dama yana ƙara tsawo kowane zagaye. Merv ya ɗanɗana daɗi, ƙwai ya fita a ransa. A na tara ya shiga da ƙarfi, hancin motar ya zarce, ƙafa biyu suka hau ciyawa. Bai juya ba, bai bugi komai ba, ya dawo kan kwalta lafiya. Des dai ya riga ya bi ta ciki, har da ɗaga hannu.

Tsawon mota ɗaya ya raba su a ƙarshe.

Merv ya fito jiƙe da gumi, idonsa na ƙyalli. "Kin gani, Noel? Zagaye shida yana madubina! Shida!"

Awon zafi ba ya jira, ta riga ta durƙusa gindin tayar hagu. Iska talatin da biyu cif. Ciki, tsakiya, waje, zafin kusan ɗaya, robar sumul. Tun da take aikin nan ba ta taɓa samun taya mai kyan wannan ba, ga shi babu sauran tseren da za a kai ta. Ta zagaya dama, gefen waje ya cinye har zare ya leƙo.

"Wai ni," in ji Merv a hankali, "mutumin shagon nan, da na ce zan kai masa 'yan lemukan bishiyarmu. Ya dai yi ne da zuciya ɗaya."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta zaro washa ta tara daga aljihu ta danƙa masa a tafin hannu.

"Kai wa Des kayansa. Ka ce saura uku sai na kwance."