Inna Mai Ƙananan Kwanuka

Kafin masu shara su gama goge barandar ɗakin yara na asibiti, Inna ta riga ta iso. Takan rataye jakarta bayan ƙofar kicin, ta ɗaura tsohon zanin aikinta, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta buɗe robar waken da ta jiƙa tun jiya ta matsa ƙwaya ɗaya da yatsa. In ya yi, sai ta ɗora. Daga nan ta zaga bayan ginin, wurin 'yar gonar da ta kafa a gefen famfo, inda zogale da alayyahu suke, da wata kabewa da ta haye katangar asibiti ba ta nemi izinin kowa ba. Haka take yi shekara da shekaru, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Inna ce mai girki a ɗakin yaran da tamowa ta kama, waɗanda ake kawowa wuya kamar zare, ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja ya kakkarye. Likitoci da nas-nas su ke fara tarar yaro da magani da madara ta musamman har ya farfaɗo. Inna kuwa takan ce, "Su nasu su tashe shi, ni nawa kada ya dawo."

To, sai dai fa akwai faɗa! Duk uwar da ta zauna a ɗakin nan ta san muryarta. Ranar da wata ta dafa ganye ta tsiyaye ruwan a kwata, har masu gadin ƙofa sai da suka ji.

"Haba 'yar nan! Kin zubar da amfanin kin bar wa yaro tsumma? Ganye ba a dafa shi ya yi baƙi, kuma ruwansa a cikin abincin yake komawa."

Ba ta taɓa yarda a sallami uwa ba sai ta ga ta girka da hannunta. Takan jera su a kicin, kowa da goyonta, ta ɗaga abu ɗaya bayan ɗaya. Wake da gyaɗa da ƙwai su ke gina jiki. Hanta da koren ganye su ƙara jini, a bi su da ɗan lemo ko gwanda don jiki ya fi karɓa. Kabewa da karas na ido ne da fata, amma sai an sa ɗan mai. Ƙananan kifi busassu kuwa a daka su da ƙayarsu, don ƙashin yaro na so. Ba ta cika musu kai da dogon bayani. "Ki duba kwanon," in ji ta. "In fari ne fat, yaronki ya cika ciki ne kawai. Ina so in ga kore, in ga ja."

Shekaru da dama da suka wuce aka kawo wata yarinya, autar wani direba, ba ta fi shekara biyu ba. Inna ta sa mata suna Tsuntsuwa saboda yadda take tsattsagar abinci. Ta warke, aka sallame ta. Bayan 'yan watanni sai ga ta an dawo da ita. Aka sake jinya, ta sake murmurewa, ta koma gida. Da aka kawo ta karo na uku, ko kuka ba ta iya yi, sai dai ta buɗe baki babu sauti.

Likita ya sami Inna a ƙofar kicin, ya rage murya. "Inna, wannan karon da ƙyar muka samo ta. In ta sake dawowa a haka, ba na jin jikinta zai ɗauka."

Maganar ta tsaya wa Inna a rai. Wasu matan ɗakin har sun fara ƙus-ƙus, wai sakacin uwa ne. Uwar kuwa ta durƙusa gaban Inna tana share hawaye da bakin mayafi. "Wallahi Inna, duk abin da kika koya mini ina yi. Ƙwan nan ina sawa, hantar nan babanta na sayowa. Ban san inda abin yake tafiya ba."

Inna ta dube ta. Ta sha ganin hannun matar nan a kan tukunya, ta san ba maƙaryaciya ba ce. Sai ta ce, "Tashi, 'yata. In an sallame ku zan zo cin abincin rana."

Ranar hutunta ta je. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta zauna, ta rantse wa kanta ba za ta sa baki ba, wanda kuwa a wurin Inna ba ƙaramin aiki ba ne. Matar ta dafa shinkafa da wake, ta yanka alayyahu a kai, ga ƙwai, ga 'yan yankan hanta. Girki dai babu abin kushewa. Ta juye shi a babban faranti, ta ƙwala wa yara kira. Yayyen Tsuntsuwa suka zo a guje daga makaranta, da yunwarsu, suka kewaye farantin, aka zaunar da ita a tsakiyarsu.

Inna na kallo. Kafin yarinyar ta kai loma ta biyu baki, ƙwai ya tafi, hanta ta tafi, ganye ya bi su. Ta miƙa ɗan hannunta ta ɗebo farar shinkafa daga gefe, ta tauna a hankali, ta ɗago kai, faranti ya zama wayam. Babu mugu a cikinsu, yara ne masu yunwa, ita kuma ba ta da saurin hannu. Uwar tana can wajen murhu, ta ga faranti a share, ta ce alhamdu lillahi, kowa ya ci.

A ranar Inna ba ta yi faɗa ba. Tausayi ne ya kama ta, har idonta ya ciko. Ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan kwanon silba da ta zubo musu gyaɗa a ciki, ta juye gyaɗar, ta wanke shi da kanta.

"Wannan nata ne ita kaɗai. Ki fara zuba mata kafin kowa, da ƙwanta da ganyenta. Ki zauna kusa da ita har ta gama, ko za ta kai la'asar."

Direban, da ya shigo gaishe ta, ya ɗan sosa ƙeya. "Inna, a gidan nan ba ma ware wa yaro kwano. Kada ta taso da rowa."

"Bari ta taso tukuna, ɗana," in ji Inna. "In ta taso da rowar, ka kawo mini ita in yi mata faɗa."

Tsuntsuwa ba ta sake kwana a ɗakin nan ba. Awo kawai ake kawo ta, kowane zuwa allurar sikeli ta ɗan ƙara gaba, har kumatu suka fito. Tun daga lokacin, babu yaron da ya bar ɗakin ba tare da ɗan kwanonsa ba. Da farko Inna ce ke sayowa, daga baya nas-nas suka shiga, har mai shagon bakin asibiti ya fara ajiye mata su.

Inna, ke ce kika ga abin da sikeli ba ya nunawa. Ke ce kika yarda da uwa ranar da kowa ya zarge ta. Uwar marasa ƙarfi, mai faɗa da cokali a hannu, mun sha faɗanki kuma mun ga amfaninsa.

Ranar walimar sallamar Inna daga aiki aka kafa rumfa a harabar asibiti. Ana ta jawabi, Inna kuwa sai waiwayen kicin take, don ba ta yarda da wutar da aka bar wa wake ba. Sai ga wata doguwar mace da goyo ta ratso mutane, wani dattijo mai furfura na biye da ita. Ta durƙusa, ta kwance ƙullin ɗankwali, ta ajiye wani ɗan kwano duk ya lotse, bakinsa ya lanƙwashe.

Kwanon Inna ta fara ganewa. Ta dafe ƙirji. "Tsuntsuwa?"

"Ni ce, Inna."

Dattijon, wato babanta direban nan, ya yi gyaran murya. "Inna, na cika alkawari, ga ta na kawo miki. Rowar kuwa ta fito. Har ta yi aure ba ta bar kowa ya taɓa kwanon nan ba."

Rumfa ta kaure da dariya, Inna na dariya tana kuka. Ba a jima ba ta share fuska, ta leƙa goyon, ta matsa cinyarsa. "Ya fara cin abinci? Me kike ba shi?" Kafin a ankara ta ja su sun yi kicin, ta bar shugaban asibiti tsaye da kyauta a hannu.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki lafiyar da kika nema wa 'ya'yan mutane, ya sa ki huta, in har kin iya hutun. Mu kuma da muka ji labarinki, ba sai mun je asibiti za mu yi koyi da ke ba. Yau in an ajiye faranti a gida, a ɗan tsaya a dubi hannun ƙaramin cikin yara, a ga me yake kaiwa bakinsa.