Kunnuwan Kawu

Jiya ina cikin tasi daga unguwar Treichville, muna hawa wani tudun hanya sai na ji ƙwas daga gaban motar, ɓangaren dama. Sauran fasinjoji ko kai ba su ɗaga ba. Ni kuwa na kasa kunne, domin na san wannan ƙarar tun ina ɗan shekara goma sha uku.

A unguwar Bracodi na tashi, a hannun kawuna, ƙanin mahaifiyata. Bakanike ne, garejinsa rumfar kwano ce a bayan tashar Adjamé, inda warin baƙin mai ke gauraya da ƙanshin alloko, soyayyar ayaba. Tsofaffin katkat, motocin nan masu ja da taya huɗu da 'yan kasuwa ke shiga daji da su, wurinsa ake kawo su. Ba ya kwance komai sai ya saurara. Za a tuƙa motar a hankali cikin ramukan da damina ta haƙa a layinmu, shi yana gefen direba, ido a rufe. Dum mai nauyi, ya ce amortisa ce, wadda ke shanye girgizar hanya. Kuka irin na tsohuwar ƙofa, roba ce ta bushe. Ƙwas mai kaifi idan an murza sitiyari, wannan rotil ne, ƙullin ƙarfen da ke riƙe da taya, kuma shi ba a yi masa wasa.

Abin da mutane ba su sani ba, kunnen kawu ya fara mutuwa. Ni da shi kaɗai muka sani, kuma ba mu taɓa furta shi ba. Sai ya riƙa sa ni a kujerar baya, in leƙo da kai ta taga. Idan an tsaya ya juyo ya kalli bakina, ya ce, "To ɗan nan, me ka ji?" Masu mota suna ɗauka jarraba ni yake yi.

Wata Asabar ana yayyafi, wani Alhaji mai fataucin goro ya kawo katkat ɗinsa. Abokaina suna jirana, za mu tsallaka ruwa mu kalli ƙwallo. Muka zaga layin. Mai karatu, ba zan yi ƙaryar sau biyu ba: na ji ƙwas ɗin sarai. Amma na san aikin rotil zai cinye yinin, amortisa kuwa kafin azahar an gama.

"Amortisa ce, Kawu."

Ya daɗe yana dubana. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

A al'adarsa sai ya ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya ji da hannunsa. Ranar ƙasa ta jiƙe, bayansa na ciwo, kuma ban taɓa ɓatar da shi ba. Ya canza amortisa.

Bayan kwana uku tayar ta lanƙwashe ƙarƙashin motar a gangaren gada. Allah ya tsare rai, amma direban Alhaji ya karye a hannu. Alhaji ya zo gareji da mutane, ya nuna ni.

"Malam, yaron nan ne ya ce amortisa, a gabana. Wauta ce ko ganganci?"

Kawu ya goge hannu da tsumma. "Alhaji, ƙyale yaro. Shekara biyu ke nan ba na ji. Ni na ɗora masa abin da ba nasa ba."

Kafin la'asar maganar ta gama tasha. Wa zai kai wa kurma mota ya saurara? Kafin damina ta wuce ya sayar da kayan aikinsa, ya koma zaman benci a ƙofar masallaci. Har ya rasu bai tambaye ni ba, ni kuma ban faɗa ba. Ban sani ba ko ya tafi yana zaton kuskure na yi, ko ya gane tun lokacin da ya daɗe yana dubana.

Yanzu shagunan waya ne a wurin rumfar. Makanikai na'ura suke jona wa mota ta faɗa musu ciwonta. 'Ya'yana sun fi jin Faransanci, amma labarin kawu da Hausa nake ba su, kuma kullum ina tsallake Asabar ɗin. Yau ne karo na farko da ban tsallake ta ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini.