Dutsen Rosa da Tukunyar Kakata

Akwai tatsuniya ɗaya da kakata Iya Dije ta yi mana a Ɗanbatta wadda har yau ban san inda ta dosa ba. Bayan sallar isha muke zagaye murhunta, mu jikoki bakwai, tana gasa gyaɗa a toka tana raba mana ɗaiɗai kamar magani. Sauran tatsuniyoyinta duk da darasinsu a ƙarshe. Wannan kam da faɗa muke tashi.

"Ga ta nan tafe, ku matso," in ji ta. Wata mata ce ta ari tukunyar miya wurin maƙwabciyarta don taron suna. Tukunyar ƙasa ce, ta gaji da wuta, baƙi ƙirin, maiƙo ya kama ta ciki da waje. Da aka gama biki mai aron ta ce kunya ce ta mayar da kayan mutane haka, ta kai ta rafi ta dirje ta da yashi har jan ƙasarta ya fito. Mai tukunya ta karɓa ta ɗora miya, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ta gindi yana kashe wuta. Ashe baƙin nan ne ya toshe tsagar da tukunyar ta yi tun zamanin uwarta.

Nan Iya take tsayawa ta dube mu. "To, wa ya yi laifi?"

Ni kullum bayan mai wanki nake, don an hore mu da cewa abin aro fes ake mayar da shi. Yayana ya ce mai aron ce da shisshigi. In mun matsa wa Iya ta raba gardama, sai ta karkaɗe zaninta ta ce, "Ku tambayi tukunyar. Ƙurunƙus kan ɓera, kowa ya nufi tabarmarsa." Haushi nake kwana da shi.

Na girma, aiki ya kawo maigidana ofishin jakadanci a Alƙahira, muka sauka a unguwar Zamalek. Ƙofarmu na kallon ta wata dattijuwa 'yar Meziko mai suna Rosa. Larabcinta gurgu, nawa ma haka, muna haɗawa da Turanci da nuni, amma muka shaƙu sosai. A kicin ɗinta na fara ganin kayan girkinsu na gargajiya: faifan ƙasa da suke gasa gurasar masara a kai, da wani ɗan maburgi mai zobba na kaɗa koko. Sai wani turmin baƙin dutse mai ƙafa uku da 'yar taɓaryarsa, wanda take kira molkahete. Ta ce na kakarta ne, ya zo hannun uwarta, ita kuma ta bi ƙasashe da shi a jakar hannu.

Ranar da injin markaɗena ya ƙone ina da baƙi, ita da kanta ta ɗauko dutsen ta miƙo mini. Na yi jajjage, miya ta yi daɗin da baƙi suka yi ta santi. Da na zo mayarwa na shinshina, sai ƙamshin tafarnuwa da wani barkono da ban sani ba, sun shige ramukan dutsen. Na ce a raina, baiwar Allah tsufa ya hana ta wanki mai kyau. Na jiƙa shi a ruwan sabulu mai ƙamshin lemo yini guda, na bi shi da buroshi. Na zuba dambun nama a ciki, don ba a mayar da kwano wayam, na ƙwanƙwasa ƙofarta ina jin kaina.

Ta karɓa da murmushi, ta kai hanci, murmushin ya ɓace. Ta nemi kujera ta zauna.

"Sabulu?" ta tambaya.

"Eh, Mama. Tamam ko?"

"Ma'alish, ba komai," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Bai taɓa ganin sabulu ba. Ruwan ɗumi kawai. In na daka tumatir a ciki, miyar uwata nake ji."

Na tsaya kamar an dasa ni. Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, don me ya hana ta faɗa mini? Sai na ji muryar Iya a kunnena, ni da na shekara talatin ina kare mai wanki.

Rosa ta ce in aka niƙa ɗanyar shinkafa da gishiri dutsen zai saki sabulun. Kwana tara ina zuwa da hantsi ina niƙa har tafin hannuna ya yi kanta, ita tana zaune tana kallona. Ban san ko hukunci ne ko yafiya ba. A rana ta goma ta daka tumatir da barkono, ta ɗanɗana.

"Sabulu ya tafi," in ji ta. "Uwata ma ta tafi. Khalas, shi ke nan." Sai ta turo mini dutsen. "Yalla, kawo abin nan naku mai wari."

Daddawa take nufi. Na kawo, na daka da attarugu kamar yadda Iya take yi, muka ci tare, tana kuka tana dariyar yaji. Bara ta koma ƙasarsu da dutsenta a jakar hannu.

Har yanzu ban san wa ya yi laifi ba. Abin da na tuna daga baya shi ne, Iya Dije tana ba da aron komai, har zanin ɗaurinta, amma ban taɓa ganin ta ari tukunya ko ta ba da tata ba. Ina zargin tana cikin tatsuniyar nan, sai dai ta rasu ban tambaye ta wacce ce ita a cikin matan biyu ba. Ni dai na san wacce ce ni.