Isiyaku Ɗan Masar da Takin Baffansa

Isiyaku na cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Turawa daga wata 'yar unguwa a gefen Tarai. Bindiga dai bai taɓa harbawa ba. Dakon akwatuna ya yi ta yi a Masar har kafaɗarsa ta karkace, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya raba faɗan.

Abin da ya tarar a gida ya fi yaƙin daɗin ji. Baffansa Ɗantsoho, bawan Allah mai tausayi, ya ga shiru ta yi yawa, sai ya sanar yaro ya rasu. Aka yi addu'a, aka raba gumba. Saboda tsabar baƙin ciki kuma ya rungume gonar da Isiyaku ya gada, don kada ta yi kewa.

"Au, ashe kana nan?" in ji Baffa. "Ɗan nan ka ja mini asarar gero."

Abokai suka ce ya cinna wa rumbun tsohon wuta. Isiyaku ya ce a'a, shi ya ga duniya. A Masar wani tafinta ya nuna masa zane a jikin dutse: wai a tatsuniyar mutanen Fir'auna akwai Horus, mai kan shaho, wanda baffansa Set ya kashe masa uba ya haye gadon sarauta. Sun gwabza, har Horus ya rasa ido, amma ba faɗan ne ya ba shi sarautar ba. Shari'a ce, gaban taron gumakansu, shekara tamanin ana yi.

"To me ya riƙa ci kafin nan?" in ji Kulu, wadda ya aura bayan dawowarsa.

"Ke ba ki san ilimi ba."

Ya kai ƙara wurin mai unguwa. Hukunci ya fito tsaf: gona ta Isiyaku ce, babu ja. Sai dai a al'ada, wanda ya zuba taki ba a korarsa sai ya ci amfanin takinsa. A ba Baffa damina biyu.

Baffa ya yi godiya har da hawaye. Rani na shigowa ya aika wa Fulani dawa, suka sauke shanunsu a gonar. Duk sanda wa'adi ya kusa cika, sai ga sabon kashin shanu, lissafi ya koma farko. Isiyaku yana ƙodago a gonakin mutane, yana wucewa ta gefen tasa yana yi mata sallama. Turawa da kansu suka naɗe tuta suka tafi, Baffa ko tabarmarsa bai naɗe ba.

Wata safiya bayan tashin Fulani, Isiyaku ya aro jakuna da mangaloli. Shi yana kankara da fartanya, Kulu tana bi da tsintsiya. Kafin la'asar duk takin gonar ya koma ƙofar zauren Ɗantsoho, tuli guda har ya toshe hanya. Baffa ya leƙo ta saman katanga yana kururuwa, aka kirawo mai unguwa.

"Isiyaku, ramuwa ka koma yi?"

"Ni, ranka ya daɗe? Ka ce gona tawa, taki nasa. Kayan mutum na kawo masa har gida, ko ladan jaki ban nema ba."

"Ɗan banza! Ta ina zan fita masallaci?" in ji Baffa.

"Baffa, in ka ga da saura a can, faɗa mini in ƙaro."

Mai unguwa, da gefen rawani a hanci, ya yanke hukuncin da ya fi kowanne sauri a rayuwarsa. Aka ba Isiyaku gonarsa nan take.

Sai dai garin ɗoki ya kankare har da ƙasar kirki. Geron da ya fito a daminar nan, kaza ma sai ta sunkuya za ta ci. Har ya tsufa bai yarda saniya ta taka gonar ba, wai kada gobe mai ita ya ce yana da haƙƙi. Kulu tana surfa ɗan abin da ya samu tana mita, shi kuwa yana zaune a kan iyaka da sandarsa, yana gadin jar ƙasa.