Abin da Likita Ya Rubuta wa Gwaggo a Kati

Gwaggona, yayar mahaifina, shekara ashirin da shida ta yi tana dafa wa ma'aikatan wata masaƙa abincin rana. Mutum sama da ɗari take ciyarwa kullum. Tun mijinta na raye ta fara, da ya rasu kuma aikin ne ya riƙe mata 'ya'ya huɗu. Ma'aikatan "Inna" suke ce mata, har manajan.

Ban taɓa ganin ta ci abinci a zaune ba. Sai layi ya ƙare, an kwashe kwanuka, sannan ta kankare gindin tukunya ta ci a tsaye, ido na kan masu wanke-wanke. Wani lokacin sai la'asar.

Ciwon a hankali ya zo. Loma uku cikinta ya cika ya kumbura, ga gyatsa, ga ƙwannafi. Wata takwas tana ɓoyewa, sai da zaninta ya fara kwancewa don rama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na tasa ta gaba muka je asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, ba a ga gyambo ba, ba a ga ƙari ba. Likita ya rubuta magani ya miƙo kati.

A bencin waje ta ɗora yatsa kan rubutun.

"Karanta min. Kada ki rage komai."

"Dispepsiya, Gwaggo. Rashin narkewar abinci ne kawai."

"To me ya hana shi ya ce haka? Yaren wa ne?"

"Girkanci ne, yaren mutanen Girka na da."

"Girka? Su ma girki suke yi?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na ce mata kalmar kashi biyu ce: "dis" na nufin abin da ya ɓaci ko ya yi wuya, "pepsis" kuma dafuwa. Mutanen can sun ɗauka ciki dafa abinci yake yi da zafinsa.

Ta ninke katin.

"Wato abinci bai dafu ba," ta ce. "Ni za a rubuta wa haka?"

"Ba tukunyarki ake nufi ba, Gwaggo. Cikinki."

"Na gane. Tukunyar da aka yi wa gaggawa ai haka take yi. Ban taɓa yi wa ta mutane ba, sai tawa."

Likita ya hana ta yaji da maiƙo, ya ce ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, a kan lokaci. Hanin yajin ne ya fi ƙona mata rai, domin ba ta iya ɗanɗana miyarta kamar da. Sai ta kira abokiyar aikinta ta miƙa mata ludayi, ta tsaya tana kallon fuskarta.

Cikin ya lafa, amma bai warke sarai ba. Ta ƙara shekara biyu a masaƙar, ƙafafu suka gaza, babban ɗanta ya ɗauke ta. A gidansa ta koya wa jikokinta mata girki daga kan tabarma, tana ba da umarni da sanda.

Ta rasu bara, da hantsi, bayan gajeriyar jinya da ba ta shafi ciki ba. A ranar, masaƙar ta tashi da wuri. Ma'aikata suka cika layin gidan ɗan nata da kayan aiki a jikinsu, auduga manne a gashin kansu, har masu mota suka riƙa juyawa suna bin wata hanya.